Hular Kwano a Kan Hijabi

Mun tashi da asuba daga Tompkinsville, unguwarmu a New York, ana idar da salla, mu uku: ni da yayana mai garejin gyaran mota a Port Richmond, sai ƙawata 'yar Damagaram da ke sayar da jakunkuna a Canal Street. Motar tawa ce, amma Yaya ne a kan sitiyari, domin wata takwas ke nan rabona da hawa babban titi. Wani yammaci ana ruwa, ina dawowa daga gidan tsohuwar da nake jinya, mota ta sulle mini, ta juya sau biyu ta tsaya tana kallon inda na fito. Ko ƙwarzane ban yi ba. Amma tun daga ranar, da na hango mashigar babban titi sai in kauce. Na koma bin bas da jirgin ruwa.

Ana nan sai aka yi mini tayin aiki mai kyau a wani gidan kula da tsofaffi a New Jersey, inda bas ba ya kaiwa, aka ba ni mako biyu in ba da amsa. Maganin da Yaya ya samo shi ne ya rubuta sunana a filin tseren motoci, a irin ranar da ake barin kowa ya shiga da motarsa ta gida ya koyi gudu. Na ce, "Yaya, mai tsoron rijiya za ka jefa kogi?" Ya ce, "Can babu tirela, babu mai fito miki ta gefe. Kowa gaba ɗaya ya nufa."

Muka haye gadar Goethals zuwa New Jersey gari na wayewa. Fita daga New York kyauta ne, sai za ka dawo ake karɓar kuɗin gada, kamar garin ya san dole ka komo. Muka wuce matatun mai da tulin kwantenoni, muka miƙa kudu har gine-gine suka ƙare, gonakin masara da na tumatir suka fara. A gidan mai na yunƙura zan fita in zuba, Yaya ya ce in zauna, a jihar nan ma'aikaci ne ke zuba wa mutum. Ƙawata ta ce yau ta tuna gida.

Bayan awa biyu da rabi muka isa. Filin wata kwalta ce mai santsi da ta yi ta nannaɗewa cikin ciyawa, tsawonta ya kai mil biyu, da kwanoni fiye da goma. Kuɗin shiga dala ɗari uku da 'yan kai, hayar hular kwano arba'in. Motocin da muka tarar, wasu cikinsu har yana shafar ƙasa, suna ruri kamar an ɗaure zakuna. Tawa kuwa mai ƙofa huɗu ce, ta kai yara makaranta. Aka duba taya da birki, aka ce a kwashe duk abin da zai iya gangarawa ƙarƙashin ƙafa. Abin da ya fito daga motar nan ya isa buɗe kanti: laima biyu, carbi, takalmin autana ƙafa ɗaya, har da cokalin da na yi wata uku ina zargin maƙwabciya a kansa. Aka manna mini lamba a ƙofa, na sa hannu a takarda. Nan ne Yaya ya gaya mini, a hankali, cewa inshorata ba ta aiki a cikin filin. In na buga motar, na buga ke nan.

Hular ta ƙi shiga kan hijabi sai da aka kawo babba, na cire fil na cusa gefen mayafin cikin riga. Aka tara mu sababbin shiga aka yi mana bayanin tutoci: rawaya a rage gudu, ja a tsaya, baƙa kuma kai ake kira ka fito. Ba tsere ba ne, babu kofi, babu na ɗaya. Ba a wuce mutum sai ya fito da hannu ta taga ya nuna gefen da za a bi.

Kowane sabo da malaminsa a kujerar gefe. Tawa wata farar dattijuwa ce mai furfura, wadda ta yi ritaya daga tuƙin bas ɗin 'yan makaranta. Minti ashirin na farko ban san yadda suka wuce ba. Na ƙanƙame sitiyari, na yi ta ba da hannu, kowa ya wuce ni, wasu sau biyu. Da na fito ƙawata ta ce, "Ke tuƙi kika zo yi ko aikin ɗan sandan hanya?"

Dattijuwar ba ta yi dariya ba. Ta ce matsalata ɗaya ce, ina kallon abin da nake tsoro. Ta ce mota ido take bi: in na kalli ciyawa, ciyawa zan shiga, in na kalli mafitar kwana, can zan fita. A taka birki sosai tun mota na miƙe, a saki, a karya kwana, sannan a ba da wuta kaɗan-kaɗan. A shiga ta biyu na fara jin abin. A ta uku na saci kallon allurar gudu a miƙaƙƙen wuri, na ga mil casa'in. Ni! Da na tsaya, birki na wari kamar an ƙona roba, Yaya ya hana ni jan birkin hannu har ƙarfen ya huce, ya tsuguna yana rage iskar tayoyi yana murmushi shi kaɗai.

Abincin wurin burodi ne da naman da ba mu san asalinsa ba, don haka muka buɗe kular ƙawata: dambu da zogale, kilishi, da shayi mai citta. Wani Bature mai jar mota da ke kusa da mu ya ɗanɗana kilishin, ya yi ta hawaye yana neman ƙari. Muka shimfiɗa darduma a bayan mota muka yi azahar.

Muna sallamewa hadari ya haɗo. Kafin a kira rukuninmu ruwa ya sauko, kwaltar ta yi baƙi tana sheƙi, irin ta ranar nan sak. Na cire hula na ce na gama. Na ba dattijuwar labarin abin da ya same ni, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Zagaye biyu kawai. In kin ce mu fito, mu fito."

Muka shiga. Zagayen farko lafiya. A na biyu, a wata doguwar kwana ta hagu, na ji bayan motar ya yi sauƙi ya fara tafiya gefe. Ƙafata ta nufi birki. Na ji muryarta, ba ihu: "Ido. Ido." Na ɗaga kai na kafa ido a kan mafitar kwanar, na sassauta wuta, hannuna ya bi idona da kansa. Motar ta yi ɗan rawa ta dawo kan hanya. Na yi kabbara a cikin hula har kunnena ya yi ƙara, dattijuwar tana dukan gaban mota da tafin hannu. Ta ce na'urar hana santsi ta motar ta taimaka, amma idon nawa ne. Ta tambaya ko mu fito. Na ce a'a.

Can gaba sai ga jar motar maƙwabcinmu, ruwa ya sa tana tafiya kamar mai taka ƙwai. Na matso, na matso. Sai hannu ya fito ta taga ya nuna mini dama. Na wuce shi. Daga baya Yaya ya ce daga bakin shinge ƙawata ta rangaɗa guɗa har mai riƙe da tuta ya waiwayo.

Da la'asar muka mayar da kaya mota. Yaya ya miƙo hannu zai karɓi mukulli, na ce ya zagaya ɗaya gefen. Na hau babban titi ana yayyafi, tireloli na fesa mini ruwa, na riƙe layina da gudun da doka ta ce, ko ɗigo ban ƙara ba. Kafin mu kai rabin hanya su biyun sun yi barci. Wanda ya san Yaya ya san bai taɓa runtsawa a motar da wani ke ja ba.

Mun iso gida ana kiran magariba, da wuya mai ciwo da birkin da sai an sauya. Washegari na kira mutanen New Jersey na ce ina zuwa. Abin da na koyo a tafiyar nan, tsoro ba ya tafiya don an zauna ana jiransa ya tafi, kuma ba a fuskantarsa da ka. Sai an sami wuri mai shinge, da wanda ya fi ka sani a gefenka. 'Yar'uwa, in kin ajiye mukullinki saboda wata rana guda, kada ki ji kunya. Ki nemi mai zama a gefenki, ki tada mota.