Wayar da Ke Katse wa Baba Magana

Baba ba ya magana a guje. Yakan faɗi rabin zance, ya yi shiru yana murza carbi, sai ka ɗauka ya gama, sannan ya kawo sauran. Mu da muka tashi a gidansa a Gwaram mun san jiran sa ake yi.

Shekarar da 'yar marigayi yayana ta zo ganin dangi, ina aiki a Birnin Kudu. A Fatakwal aka haife ta, can ta girma wajen mahaifiyarta, ba ta jin Hausa in ban da "sannu". Ba ta zo da niyyar daɗewa ba, ni kuma ba kullum nake samun zuwa gida ba. Sai na saka wa Baba manhajar fassara a wayarsa, ya yi Hausa ta juya wa yarinyar zuwa Turanci, ita ma ta mayar masa. Na gwada da bakina, na ji daidai, na hau babur na koma ina ganin na yi abin kai.

Da na dawo ranar Juma'a, na tarar da wayar a kife a kan taga.

"Baba, ba ta aiki ne?"

"Tana yi," ya ce. "Tarbiyya ce dai ba ta da ita."

Ashe yadda masu ita suka saita ta, da mutum ya ɗan yi shiru sai ta ɗauka ya kai aya. Baba ya ce, "Lokacin da ubanki yake yaro," ya tsaya ya numfasa, ita kuwa ta cafe ta hau rattaba Turanci. Da abin ya maimaitu sai ya ajiye ta. Tun daga nan shi da jikarsa sai murmushi da miƙon gyaɗa, ga shi jibi za ta tafi.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Wanda ya ƙera abin nan da alama bai taɓa zama gaban dattijo ba. Yayana shi ne ɗan fari, kuma saboda kunya irin ta mutanenmu Baba bai taɓa kama sunansa ba, yana raye ko bayan ransa. Mutum ya shekara da shekaru yana haɗiye zance, ranar da ya buɗe baki kuma waya ta tare shi!

Na zauna a zaure na shiga wajen saiti, na yi ta lalube. Can ƙasa na samu inda ake hana ta yanke sauraro da kanta. Na mayar da ita sai an danna an riƙe, na kuma rage saurin muryar.

"Yanzu ba za ta ce uffan ba sai ka ɗaga yatsa, Baba."

"Ko na daɗe?"

"Ko ka wuni."

Bayan la'asar suka zauna a tabarma ƙarƙashin darbejiya. Baba ya danna, ya fara. Ya ba ta labarin yadda ubanta ke tsoron ruwa, in shanu za su tsallake rafi da damina sai ya ɗora shi a wuya, yaron ya ƙanƙame masa kunnuwa. Ya yi shiru mai tsawo, yatsansa na danne a kan gilashin. Wayar ta jira. Sannan ya ce tun da ta shigo gidan yake kallon ta, tafiyarta sak ta ubanta.

Ya ɗaga yatsa, muryar ta faɗa mata duka a hankali.

Yarinyar ta karɓi wayar, ta danna ta riƙe. Bakinta ya motsa, amma babu abin da ya fito sai hawaye. Na miƙa hannu zan karɓa, Baba ya tare ni.

"Bar ta," ya ce. "Ba ta gama ba."