Sunan da Aka Raɗa Ba Rago

Shekarar da aka raɗa wa 'yata suna ba rago tana nan a raina, kuma ina jin da ita za a kai ni kabari. Na ga abubuwan da suka fi wannan muni, yawancinsu na bar su sun wuce. Wannan kam ban yi niyyar mantawa ba.

Zamanin Turawa ne, saura 'yan shekaru su tafi. Na dawo Zariya daga haƙar kuza a ƙasar Jos bayan shekara bakwai. Abin da na dawo da shi mata ce, da bargo ɗaya, da tarin da bai rabu da ni ba har yau. 'Ya'ya biyu muka binne a can. Da na iso Tudun Wada na tarar yayana ya rasu. Ya bar mini ɗaki ɗaya na ƙasa, ya kuma bar gonar ubanmu da ke wajen Dutsen Abba a hannun wani. Ya jinginar da ita fam biyar lokacin jinyar uwarmu. Ban zarge shi ba. Da ni ne a nan, da abin da zan yi ke nan.

Wanda ke riƙe da gonar wani Alhaji ne mai fataucin dabbobi, gidansa na bakin kasuwa. Al'adar jingina a wajenmu, in mai riƙe da gona ya zuba mata taki, ba ka da ikon fansarta sai ya ci takinsa damina uku. In ukun ta cika ya riga ka sake zubawa, sai wata ukun. Haka gonakin mutane ke tafiya ba tare da an ce an sayar ba. Shaidu su mutu, 'ya'ya su tashi su ga wani na noma wurin, magana ta ƙare. Shi kuwa Alhaji taki bai dame shi ba, garkensa na bayan gida.

Na je wurin mai unguwa, wani tsoho da ya san ubana, shi ne ma shaidar jinginar. Ya sa aka kira Alhaji. Na ce ba ni da fam biyar a dunƙule, amma zan riƙa kawo sule goma duk tsayuwar wata, wata goma. Alhaji ya ce bana ya riga ya yi shuka, bai kuwa sa taki ba, amma baɗi da bazara jakunansa za su fara kaiwa. In na gama kafin nan, gona tawa ce. In saura ko sisi ne, kada in ga laifinsa. Ya faɗi haka yana dariya. Ya san lebura, ya san yadda kuɗi ke yi a hannunmu. Mai unguwa ya ce ya ji, ya shaida, aka shafa fatiha.

Da muka lissafa, wata na goma ya faɗo daidai bakin bazara. Babu sarari ko na wata ɗaya.

Aikina a lokacin kwaɓa ƙasa ne da yin tubali wa magina, don Tudun Wada na ta cika da baƙi, kowa na son ɗaki. In kaka ta yi sai in koma dakon buhuna a tashar jirgi. Ban iya rubutu ba, ban kuma yarda da ƙwaƙwalwata ba in ina jin yunwa. Saboda haka na nemi igiyar rama. Kwabon wancan lokaci mai huda ne a tsakiya. Kullum na dawo daga aiki, kafin in wanke ƙafa, kafin a sayi ko gishiri, sai in zura kwabo huɗu a igiyar. In sun kai sha biyu in ƙulla, sule ɗaya ke nan. Ƙulli goma, wata ya yi. Ranar da ba aiki, washegari takwas. Na gaya wa matata cewa abin da ya hau igiyar nan ba namu ba ne, ta ɗauka kuɗin wani ne aka ba mu ajiya. Ta ce ta ji.

Wata uku na farko lafiya lau. Ina zuwa zauren mai unguwa, in kwance igiya, Alhaji ya ƙirga, mai unguwa ya ja layi ɗaya da gawayi a bango. A wata na huɗu aka shiga marka, ruwa kwana uku bai ɗauke ba, bangon ɗakinmu na gabas ya zube. Ƙasa da aiki nawa ne, amma azara sai an saya. Matata ta dubi inda igiyar ke rataye. Na sayar da takalmin da na zo da shi daga Jos, na sayi azara biyu, sauran na kare da zana. Muka daina cefanen nama, da ma ba kullum ba ne.

A lokacin tana da ciki, mun kuwa san lissafinsa. Tun farkon damina na sayi ɗan rago ƙarami da araha, tana ba shi dusa da harawa, don ranar suna ta same mu da abin yanka. Ya yi kyau har maƙwabta na tanka shi. Bayan an yanke dawa, wata rana ya tsinke ya faɗa wata gona a bayan unguwa ya ci gyauro, wato tohon da ke fitowa a gindin karan da aka sare. Duk mai kiwo ya san abin nan guba ne. Kafin a kira ni daga tasha ya kumbura ya mutu, ba wanda ya sa masa wuƙa. Mushe. Na ja shi na kai bayan gari. Kwana ashirin bayan haka ta haihu, mace.

Wata na takwas ke nan, saura kwana tara in kai kuɗi. A igiya akwai ƙulli bakwai. A aljihuna akwai abin da bai kai sule biyu ba. Ga ungozoma, ga wanzami, ga goro, ga kanwa da gero na kunu, ga itacen wankan jego safe da yamma har kwana arba'in, lokacin sanyi kuma, itace ya yi tsada. Rago mai ɗan dama sule talatin ne.

Surukata ta zo daga Tudun Jukun zaman jego. Ni da ita ba ma haɗa ido, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. In tana da abin faɗa, sai ta tsaya bayan zana ta faɗa wa tukunya ko kaza, da ƙarfin da zan ji. Kwana uku tana gaya wa tukunyar ruwan zafi cewa ita a danginsu ba a taɓa suna ba jini ba. Ta ce akwai mutanen da ke rataye kuɗi a bango kamar laya alhali jaririya na jiran haƙƙinta. A rana ta huɗu ta faɗi wadda ta shige ni. Ta ce biyu sun tafi, ga ta uku Allah ya kawo, in aka hana ta abin da ake yi wa kowane ɗa, duk abin da ya same ta a san wanda za a tambaya.

Na shiga ɗaki na sauko da igiyar. Ban san me zan yi da ita ba, sule bakwai ba ya sayen rago, amma zai yi kafin alƙalami. Matata na zaune a bakin gado da yarinyar. Ta dube ni ta ce, "Malam, mayar da ita. Waɗancan biyun ai an yanka musu."

Na mayar. Ba mu ƙara maganar ba.

Na sayar da bargon. Da kuɗinsa na sallami ungozoma, na ajiye na wanzami, na sayi goro hamsin. Itace kuwa, in na tashi daga tasha da la'asar sai in miƙe daji in saro in ɗauko a ka. Na je na sami limamin unguwa na gaya masa halin da nake ciki. Ya ce suna na raɗuwa ba yanka, yanka na kan mai hali ne, in na samu daga baya in yi. Ya ce amma in shirya wa bakin mutane, don shi ba ya cikin littafi.

Ranar suna da safe mutane sun taru a ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi, ana raba goro rabi-rabi. Sai ga Alhaji, bayansa an jawo rago fari, ƙato, aka ɗaure a jikin turken da nawa ya bari. Wurin ya ɗauki murna. Daga cikin gida na ji surukata ta rangaɗa guɗa. Mahaucin da ya biyo su ya fara wasa wuƙa. Alhaji ya zauna ya ce ya ji abin da ya faru, bai kamata a ce ɗan mutumin kirki kamar ubana ya yi suna haka ba, a yanka, maganar kuɗi a bar ta sai an natsu.

Na ce, "Alhaji, kyauta ne ko bashi?"

Ya ce haba, yau ranar farin ciki ce, wa ke wannan magana a gaban jama'a.

Na ce, "Kyauta ne ko bashi?"

Ya gyara zama. Ya ce, "To, a ɗora a kan na gona mana. Sule talatin ne kawai, ba na matsa maka."

Sule talatin wata uku ne. Wata uku kuwa jakuna sun gama kai taki har an yi shuka. Na ce a kwance ragon a mayar, na gode.

Wani abokin aikina a tasha, wanda ba ya iya riƙe bakinsa, ya ce to jama'a a tauna goro da kyau, shi ne naman. Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Wani dattijo ya ce mini in ji tsoron Allah, 'ya ta fi gona. Mahauci ya mayar da wuƙarsa kube ya tafi ko sallama babu. Liman ya raɗa suna, aka yi addu'a, kafin rana ta ɗaga kowa ya watse. Da yamma matan da suka zo buki kunu suka sha. Surukata ba ta ƙara gaya wa tukunya komai ba, ta yi shiru da ni har ta gama kwanakinta ta koma, wannan kuwa ya fi maganar ciwo.

Ban ce Alhaji mugu ba ne. Ɗan kasuwa ne, ya ga ƙofa ya gwada. Da ya ce kyauta ne da na karɓa na yi godiya.

Kwana biyu bayan suna na kai sule goma zauren mai unguwa. Alhaji ya ƙirga. Mai unguwa ya ja layi na takwas, ya dube ni ya ce, "Kai da ubanka ba ku da daɗin sha'ani." Ban san yabo ne ko zagi ba, ban kuma tambaya ba.

Sauran wata biyun sun fi duka wuya. Dako ya ja baya, gini bai kankama ba. Akwai ranakun da kwabo huɗun nan su ne duk abin da na samu, in zura su, mu sha kunun da ya kwana. A unguwa an sa mini suna mai suna da goro. In na wuce majalisa sai wani ya yi kukan rago. Na bar su. Sanyi kuma ba bargo, tarina ya tashi har ina tofar da abin da ba na son matata ta gani.

Ranar da na kai na ƙarshe, na bi ta ƙofar gidan Alhaji na ga an fito da mangalolin kai taki ana kakkaɓewa, jakuna shida a ɗaure. Jibi za su fara. Ya ƙirga kuɗin sau biyu. Mai unguwa ya ja layi na goma, ya sa aka kira mutum biyu daga masallaci, ya faɗa a gabansu cewa jingina ta warware. Washegari, duk da tsufansa, ya hau jaki muka je har gonar, ya bi iyaka da ni, daga tsamiya zuwa layin gamba, ya nuna wa maƙwabtan gona cewa mai ita ya dawo. Damina biyu bayan haka ya rasu. Da ma shi kaɗai ya rage cikin shaidun da suka san gonar jingina ce.

Na noma dawa da gyaɗa a shekarar. Da kaka na sayar da gyaɗa buhu biyu na sayi rago, na kira liman da mahaucin nan, aka yanka. Yarinyar tana rarrafe a lokacin, ta kama ƙafar mahauci ta miƙe. Na aika wa surukata cinya guda. Ta karɓa, ta aiko a ce mini naman ya yi tauri.

Abin da na koya ba shi da yawa. In ka yanke abin da za ka riƙa biya, ka cire shi tun kafin ka ci, kada ka ƙara lissafa shi cikin abin da ka mallaka. Larura za ta zo, ba sau ɗaya ba, kuma kowacce za ta zo da hujjar da ta fi taka. Ka sayar da abin da ke jikinka, ka rage ciki, ka ɗauki kunya in ta kama. Kunyar nan ta yi mini wata biyu, daga baya mutane suka sami wani abin magana. Kuma duk wanda yake bin ka bashi, in ya miƙo maka wani abu ranar da ka matsu, ka tambaye shi a gaban mutane ko kyauta ne ko bashi, kada ka taɓa sai ya amsa.