Hoton Ladi a Singafo

Ranar wata Laraba ce cikin damina, shekarar da nake aji biyar, muna ɓarar gyaɗa a zauren gidanmu na unguwar Liman Abaji, sai ga Ladi ta sauko daga mota da jan takalmi mai igiya. 'Yar ƙanen babana ce, tare muka tashi, tabarmarmu ɗaya. Shekara biyu kafin nan Goggo Hajara, wadda ba ta taɓa haihuwa ba, ta zo neman yarinyar riƙo. Ni ta so ɗauka, amma ta tarar da ni kwance da ƙyanda, sai ta tafi da Ladi. Ba a jima ba gwamnati ta tura mijin Goggo kwas Ostareliya, suka tafi su uku, suka dawo a jirgin ruwa.

Jirgin ya tsaya yini guda a Singafo, kuma yinin nan shi ya hana ni sakat. A rijiya, a wurin daka, a ƙarƙashin mangwaron makaranta, labarin ke nan. Wani tsoho ya zaga da su gari a keke mai ƙafa uku, sun ga kwale-kwale cunkushe a kogi, sun ci taliya a bakin titi, sun yi azahar a masallaci mai ƙubba kamar zinariya. Yara suka daina gaɗa suna kewaye ta, ni kuwa ina gefe ina cizon yatsa. Tana da hoto guda, ita da Goggo a cikin keken, wanda take ɓoyewa a littafin lissafi.

Wata safiya aka aike ni ɗebo dawa, na zare hoton na cusa shi can ƙasan rumbu. A makaranta na ce, "Ƙarya take yi, iyakarta Ikko." Yara suka ce ta nuna hoton, ta zazzage jaka ba ta gani ba. Daga ranar suka laƙa mata "Ladi Singafo", suna yi suna shewa. Ta dube ni ta ce, "Yaya Asabe, ai ke kin gani." Na ce ban ga komai ba. Ba ta ƙara ba da labarin ba har ta koma wurin Goggo. Da aka share rumbu da kaka, na tarar gara ta cinye hoton.

Yanzu jikokina kan nuno mini birnin a waya duk lokacin da na so, ga dogayen benaye ga fitilu, amma babu mai zaunar da ni ya ba ni labari. Bara na je Garaku inda Ladi take aure, na faɗa mata gaskiya, na roƙe ta ta sake ba ni labarin daga farko. Ta daɗe tana tunani, sannan ta ce, "Wallahi Yaya, na manta."