Makwarwar da Ta Amsa Daga Cikin Harami

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa. Muna idar da sallar asuba muka bar unguwarmu ta Tandabawi a nan Makka, mu uku a kan jakuna, tun masu ɗebo ruwa ba su fara kai-komo da garewani ba. Ku 'yan'uwa da kuka zo ɗaukar karatu kuka tarar da tabarmata a naɗe, na ji ana ta cewa wai Malam ya tafi farauta da furfurarsa. Gaskiya ne, na tafi, kuma ga dalili.

Mai ɗakina, wadda muka tako ƙasa tare tun daga Katsina har bakin Maliya, zazzaɓi ya kwantar da ita bayan tafiyar alhazai. Zazzaɓin ya sauka, amma ya tafi da cin abincinta. Kunu ba ya wucewa, madara tana dawowa, har awarwaro ya riƙa zamewa daga hannunta. Maƙwabcinmu na bayan danga yana da namijin makwarwa a keji, irin ta duwatsun Hijaz da Larabawa ke kira hajal. Kullum da hudowar alfijir sai tsuntsun ya yi kuka, don haka mai shi ya raɗa masa suna Ladan. Na hana shi wannan suna, bai hanu ba. Wata safiya mai ɗakina ta saurari kukan ta ce, "Malam, kamar a gonar babana. Da zan samu romon makwarwa, ina jin zan sha." Tun da ta kwanta ba ta ambaci wani abinci da bakinta ba sai ranar.

Na zaga kasuwa ban samu ba, domin kun san ba a farauta a cikin iyakar Harami, sai ɗan abin da ƙauyawa suka kamo daga waje. Roƙon Ladan kuwa bai ko zo mini a rai ba, shi ne abokin hirar mutumin nan tun rasuwar iyalinsa. Da na gaya wa maƙwabcin damuwata ya ce shi ɗan maharbi ne daga ƙasar Daura, mu tafi gindin duwatsun hanyar Ɗa'ifa, Ladan ya kira mana 'yan'uwansa su faɗa tarko. Na ukunmu shi ne mai jakunan, Bahaushe haifaffen Makka, wanda rabin maganarsa Larabci ne.

Muka bi ta unguwar Misfala muka fita Kudai, bayan gari, inda babu komai sai ƙaya da rumfunan masu raƙuma. Hantsi ya same mu a iyakar Harami, wurin ginshiƙan nan na dutse da aka shafe da farar ƙasa. Daga su sai Hillu, wato ƙasar da ke wajen iyaka, inda farauta ta halatta ga wanda ba ya cikin harama. Muka ratsa Arfa, fili fetal, ba ka ce nan ne jama'a ta cika kwanan baya ba. Wata babbar mota ta wuce mu da ruri, jakina ya zabura ya kusa kayar da ni, mai jakuna yana bayana yana ihu, "Ya shaihu, riƙe wuyansa, ba rawaninka ba!" A wata rumfar gahawa a kwarin Nu'uman muka ci gurasa da zuma, muka sha shayi. Abin da aka karɓa na ruwan jakuna ya fi na abincinmu mu duka, na biya ban yi ciniki ba, hankalina yana gida.

Da muka isa gindin dutse maƙwabci ya zaɓi wani lungu kusa da maɓuɓɓuga. Ya kafa tarkunan gashin wutsiyar doki a zagaye, ya ajiye kejin a tsakiya, ya rufe shi da ganye, muka laɓe bayan duwatsu. Ladan, wanda ke tashe mu kowace asuba ba da izininmu ba, ya kumbura gashinsa ya yi gum. Aka ba shi ruwa, aka ba shi gero, aka yi masa kirari, ko motsi. Sai maƙwabci ya haɗa tafukansa ya busa kukan makwarwa yadda mahaifinsa ya koya masa. Dutse ya dawo masa da muryarsa kawai. Mai jakuna ya ce, "Ya ammi, waɗannan ba su jin Hausa, gwada musu da Larabci." Na yi murmushi don kada in ɓata masa.

Haka muka wuni, muka kwana, muka sake wuni. Sau ɗaya wata ta amsa can ƙololuwar dutse, ta sake amsawa daga wuri mafi nisa, ta yi shiru. Wani tsohon makiyayi da ya sayar mana da nono ya ce tun da masu motoci suka fara zuwa da bindigogi tsuntsayen suka daina yarda da kira. Ni kuwa ba na iya tsayar da idona a kan tarko. Hanyar Makka nake kallo. Duk mahayin da ya ɓullo daga can sai in ce ga wanda aka aiko ya gaya mini an yi rashi ba na nan. Sai ya wuce ya yi sallama sannan in gane ba shi ba ne. Da guzuri ya ƙare na ce mu juya, gara in koma hannu wofi da in tarar an rufe ta.

Washegari da la'asar sakaliya muka iso ginshiƙan iyaka, muka sauka ta wajen Hillu don yin salla. Muna sallamewa, Ladan ya miƙe wuya ya saki kuka, irin wanda ya hana mu a dutse. Nan take aka amsa masa, kusa ƙwarai. Muka duba, sai ga garken makwarwa suna gangarowa daga wani tudu, masu ƙiba, suna tafe suna amsawa ba tsoro. Tudun kuwa yana bayan ginshiƙai, a cikin Harami.

Kafin in yi magana maƙwabci ya zube tarkunansa a wajen iyaka. Ni ma, Allah shaida ne, raina ya biya. Amma na san abin da malamanmu suka tabbatar, cewa wanda ya koro abin farauta daga Harami ya kashe shi a waje, fansa ta hau kansa, naman kuma mushe ne. Ban tuna wani nassi a kan kira ba. Na juya mas'alar ta kowace fuska ina neman mafita, ban ga abin da ya raba korowa da sanda da jawowa da murya ba, domin duka biyun fitar da su ne daga amincin da Allah Ya ba su. Ta gaban garken ta kusa kaiwa ga ginshiƙi. Na cire mayafina na lulluɓe kejin, Ladan ya yi shiru. Garken ya tsaya, ya yi jim, ya juya ya hau tudunsa.

Maƙwabci ya ce, "Allah gafarta Malam, da ƙafarsu za su fito. Wa ya kore su?"

Na ce, "Mu muka kira su. Ba zan kai mata abin da nake shakka ba, alhali ban sani ba ko shi ne na ƙarshe da za ta sa a bakinta."

Ya ce, "To, Hajiya fa?"

Na ƙara gyara mayafin a kan kejin. Mai jakuna ma, da ba ya rasa magana, ya sunkuya yana gyara igiyar da ba ta kwance ba.

Maƙwabci ya daɗe yana kallon kejin, sannan ya ce, "Shi wannan a dutsen Ɗa'ifa aka kamo shi yana ɗan tsako. Akwai shakka a kansa?" Na ce babu, amma kada ya yi. Ya ce, "Malam, ranar da matata ta rasu, Hajiya ce ta yi mata wanka." Ya zaro wuƙarsa, ya fuskanci alƙibla, ya yi bisimilla.

Da muka shigo unguwa na rage tafiyar jaki ina kasa kunne ko zan ji koke-koke. Ban ji ba, na gode wa Allah. Ɗiyarmu ta dafa romon da citta da kanumfari. Mai ɗakina ta kurɓa, ta jira, bai dawo ba, ta ƙara. Har ta ce naman ya yi tauri, tsohuwa muka kamo mata.

Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne, amma mai nauyi. Na daɗe ina karantar da hukuncin farautar Harami a kan tabarma, ban san wuyarsa ba sai da na tsaya a gaban ginshiƙan nan. Na kuma gane cewa tsantsenin da na yi ba ni na ɗauki nauyinsa ba, maƙwabcina ne ya ɗauka. Har yanzu ba ta miƙe ba, ku sa ta a addu'a, ku sa shi.

Washegarin dawowarmu da alfijir ya keto muna kwance muna saurare, bayan danga shiru. Ta ce, "Malam, yau Ladan ya makara." Na gaya mata gaskiya. Ta juya fuskarta ga bango, har na ji tsoron ta koma gidan jiya. Can ta kira ɗiyarmu ta ce, "Ɗumamo mini sauran. Zan shanye shi duka."