Inna Mai-Kunne da Sirrin Matar Mai Gyaran Agogo

Ƙarfe bakwai da rabi take isowa, kafin masu shara su gama da baranda. Ta rataye jakarta a ƙusar bayan ƙofa, ta kunna kwamfuta, ta toshe kunnuwa da abin sauraro, shi ke nan ba ka sake jin motsinta sai azahar. Aikinta a sashen bincike na jami'a shi ne ta saurari hirarrakin da masana suka naɗo daga bakin mutane, ta buga su kalma bayan kalma, har inda aka yi tari ko aka yi shiru sai ta nuna. Shekara ashirin da shida tana wannan, shi ya sa har farfesoshin da suka girme ta suke ce mata Inna Mai-Kunne. Makon jiya ta yi ritaya, kuma a wurin walimar ne mai haɗa sauti na gidan rediyo ya ba ni labarin da ya sa na ajiye lemona ban ƙarasa ba.

Shekara huɗu da suka wuce wata gidauniya ta ba da kuɗi domin jami'ar ta haɗa hannu da wata jami'a ta ƙasar waje da kuma 'yan wasan kwaikwayo na rediyo. Masana za su binciki ciwon damuwar da ke kama mata bayan haihuwa, marubuta su mayar da shi wasa, jama'a su ƙaru. Aka yi hira da mata sittin, kowacce aka yi mata alkawarin babu wanda zai san ita ce.

Cikinsu akwai wata mai tagwaye, mijinta mai gyaran agogo ne, yana da in'ina. Ta faɗa cikin kuka cewa wata rana ta tsaya a bakin rijiya da jariri ɗaya a hannu, ta daɗe a tsaye, sannan ta koma ɗaki. Ko uwar da ta haife ta ba ta san wannan ba. Inna ce ta buga hirar, sau uku tana tashi ta fita shan iska.

Ranar da baƙi daga gidauniyar suka zo jin kashi na farko na wasan, domin su yanke ko za a ci gaba da ba da kuɗin, an kira Inna ne kawai ta raba ruwa. Aka kunna. Sai ga miji yana in'ina, ga agoguna suna bugawa a shago, ga kukan tagwaye, ga rijiya. Ɗaki ya ɗauki tafi. Inna kuwa ta dire tiren a kan takardun Farfesa, shugaban aikin.

"Ranka ya daɗe, a kashe abin nan."

"Inna, lafiya?"

"Ina fa lafiya! Matar nan tana gidan mijinta, kuma gobe za ku saka ta a rediyo."

"Ai mun canza suna."

"Suna kuka canza, ba ku canza miji ba. Masu gyaran agogo nawa ne a garin nan masu in'ina, masu tagwaye? Kafin a gama shirin surukarta ta ɗaure mata kaya."

Marubucin wasan ya miƙe da zafinsa. "Haba Inna, in aka cire waɗannan ai wasan ya zama lami."

"To zuba naka sirrin, ɗana, ya yi gishiri."

Shugabar baƙin ta sa tafinta ya maimaita mata maganar sau biyu, ta rufe littafinta. Aka dakatar da kuɗin wata bakwai, aka bi kashi goma sha biyu na wasan ɗaya bayan ɗaya. Jama'a, mata biyar aka samu waɗanda ko yaron maƙwabta zai gane! Masu digiri uku-uku sun karanta, sun sa hannu, babu wanda ya gani sai mai raba ruwa.

Kun san ladanta? Takardar gargaɗi, wai ta kunyata sashe a gaban baƙi, ƙarin girmanta ma ya bi ruwa. Na nemi rahoton ƙarshe na aikin na duba shafin godiya da idona. An gode wa otal ɗin da baƙi suka sauka, Inna ko a gefe. Har yanzu abin yana ci mini rai.

Ke ce rumbun da ba ya yoyo, Inna. Ke ce kika ji kukan mata sittin, ba ki taɓa kai ko ɗaya bakin ƙawa ba. Kin san kina iya rasa hanyar abincinki ranar, kika buɗe baki duk da haka.

Da aka gyara wasan, mijin ya koma direba, tagwaye suka koma ɗa ɗaya. Bayan shekara masana suka koma jin yadda matan suka karɓi shirin, hirar matar mai gyaran agogo ta sake faɗowa hannun Inna. "Tare da surukata muka ji," in ji matar. "Ta yi ta hawaye tana cewa, Allah sarki, da 'yata ce da asibiti zan kai ta. Da aka kwana biyu na ce mata, Mama, nima fa ba na barci. Ita ta raka ni." Inna ta buga wannan ma, ta nuna inda aka yi shiru, ta ɗauko hira ta gaba.

Mun gode, Inna, Allah Ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa na wasu. Ku kuma masu bincike da masu rubutu da masu ba da kuɗi, ku yi koyi da ita. Kafin ku saki labarin wani ga duniya, ku tambayi kanku wa zai gane shi a gidansu, domin Inna ta tafi hutu, kuma har yau babu wanda aka ɗora a kujerarta.