Mai Cire Ƙayar Kifi na Gwaram

Duk Gwaram, idan ƙayar kifi ta maƙale wa mutum, ba a cewa asibiti, sai a ce ƙofar Baba Dogara. Zai tofa addu'a a ruwa, ya shafi maƙogwaron sau uku, ya ce haɗiye. Shi ke nan.

Sarkanci ya gada. Kakan kakansa ya taso daga Yawuri yana bin ruwa, har ya yada zango a bakin kogin nan. Su kuwa 'ya'ya da jikoki, da yake ba kifi za su aura ba, suka yi ta auren 'ya'yan manoma. Dogara ya yi shekara arba'in yana kamun kifi, har ruwa ya ja baya, gwiwa ta ƙi, komarsa ta ruɓe a rataye. Abin da ya rage masa ƙayar nan ce, kuma kullum yakan ce, "Ba a koyonta. A jini take, jinin Yawuri."

Bayan an yi Jihar Jigawa da wasu shekaru, masu bincike suka zo daga wata jami'a suna ɗibar jinin masunta, wai za su gwada da na inda aka fito. Dogara ya riga kowa miƙa hannu, har da fara'arsa.

Sai da damina biyu ta wuce sannan ɗayansu, Malam Jamaluddeen, ya dawo. Yaron kirki ne, sai dai bai iya tauna magana ba.

"Baba, ai ku kun zama 'yan gida. Jininku ya fi kusa da na manoman nan. Na Yawuri ɗan kaɗan ya rage."

"Kaɗan kamar yaya?"

"Kamar gishiri a miya."

Dogara ya yi godiya, ya raka shi bakin titi. Maganar nan ta ci shi ƙwarai, bai kuwa faɗa wa kowa ba.

Ran kasuwa Zuwaira mai ƙosai ta zo da 'yarta, yarinyar tana ta kakari. Ya ɗauki kwanon ruwa, ya kai baki, sai ya ji bai yarda da kansa ba. Ya ajiye.

"Hau mota ki kai ta asibitin Birnin Kudu."

"Baba, lafiya?"

"Yi sauri dai, 'yar nan."

Aka cire ƙayar a can. Gari ya ɗauka cewa Baba Dogara tsufa ya ci ƙarfinsa. Ya bar su a kan haka, don ya fi sauƙin ɗauka.