Tsintsiyar da Gwaggo ta ƙwace wa Inna

To ai tun ranar da Gwaggo ta fizge tsintsiya daga hannun Inna ban sake samun sukuni ba. Gwaggo yayar Baba ce, ta tare a gidanmu don jinya bayan an yi wa Inna aiki a birni, an cire mata mama ɗaya saboda ciwon daji.

"Masu dubiya su shigo su tarar kina shara?" in ji Gwaggo. "So kike gari ya ce mun gaji da ke? Kwanta."

Inna ta kwanta. Matar da ke daka dawa da safe, ta wuce gonar gyaɗa ta dawo, ga ta kullum a tabarma, ko buta ba a bari ta ɗauka. A wajenmu haka ake nuna wa mara lafiya ana sonsa, a ƙwace masa aiki kaf.

Ni kuwa ina tsaye likita ta ce Inna ta riƙa ɗan takawa kullum, ta riƙa ɗaga hannun ɓangaren da aka yi aikin, in ba haka ba kafaɗa za ta riƙe. Na yi ta bincike a waya, duk inda na karanta maganar ɗaya ce, motsa jiki ma yana rage kasalar da magani ke sawa. Na kai wa Gwaggo maganar da zumuɗina.

"Ashe likita gare mu a gida," ta ce. "Wayar ce ta yi jinyar kakarki ko ni?"

Wata la'asar na ga Inna ta tayar da salla, hannun hagu ya tsaya a ƙirji, bai kai kafaɗa ba. Da ta sallame ta kalle ni.

"Ya ƙi tafiya," ta ce a hankali.

Sai na fara jan ta bayan rumbu inda ba mai gani. Ta dafa bango tana hawa da yatsu, tana cije leɓe, sannan mu zagaya rumbun. Da ta ji sallama sai ta koma tabarma ta ja mayafi, kamar mai laifi.

Hannun ya ɗan ƙara sama, amma har yau bai kai ba, kuma ban sani ba ko mun makara. Tsintsiyar na ɗakin Gwaggo.

Ku da kuka yi irin wannan jinya, yaya kuka yi da masu cewa "kwanta", alhali don so suke faɗa? Don Allah ku gaya mini.